Masar Wunti

Tun asuba nake zuba ƙullu a tanda,
yau layin har bakin titi.
Ba masa ta kawo su ba.
Lubabatu suke leƙe
ta bayan kafaɗata.

Fim ne na minti arba'in
da aka ɗauka a gindin Dutsen Tanshi:
ita da Nafi'u, 'yan aji biyar,
da wasiƙa cikin littafin lissafi.
Wani ya yanko sakan tara,
inda gyalenta ya zame,
ya watsa wa duniya.
Sauran kuwa babu wanda ya kalla.

Nafi'u na Kano, an ce har da tabarau,
jarumi ake kiransa.
Tawa ko rijiya ba ta zuwa.
Jiya ɗan jarida ya ci masa huɗu bai biya ba,
yana tambayata yaya nake ji.

Yaya nake ji?
Cikin dare nakan ji ta tana ƙirga:
"Dubu tamanin, Inna, dubu tamanin,"
ban san ko kuka take ba ko dariya.

Na juya masar. Gefe ɗaya ya ƙone.
Na tura ta ƙasan kwano
inda mai saye ba zai gani ba.