Tsaga Uku

Ubana ya bar min uwar maƙera da masaba biyu,
da zugazugin fatar akuya da ya girme ni.
Ya bar min tsaga uku da yake yi a wuyan kowace galma
don in ta ɓata a gona a san ƙirar gidanmu ce.
Wannan aikin da nake yi yanzu ba ya cikin gadon.

Shekarar da aka kore shanun Mati na Hinde,
aka bar masa turke da igiya,
shi ya fara shigo min da bututun famfo cikin buhun taki.
Na ce, "Mati, ni hauya nake ƙerawa."
Ya ce, "Wa zai riƙe hauyar in an gama kwashe mu?"
Na daɗe ina kallon gawayi,
sannan na ce wa Iro ya zuga.

Kafin a yanke gero na yi goma sha ɗaya.
Harba-ka-ruga ce, tari ɗaya take yi ta yi shiru,
sai ka durƙusa kana ɗura mata albarushi da guntayen ƙusa
alhali ta wancan ɓangaren na zuba
kamar ƙanƙara a kan kwanon ɗaki.
Amma in tana jingine a kusurwa
magidanci yakan samu ya runtsa kafin asuba.
Wannan ɗan barcin nake sayarwa,
wani da kuɗi, wani da tiya shida ta dawa.

Ranar kasuwar Batsari motarsu ta tsaya a ƙofata.
Suka ce ina lasisi.
Na ce a wace rumfa ake sayar da shi?
Suka ce takarda ce, sai ta je Katsina, daga can ta yi gaba,
sai an shaida cewa hankalina daidai yake.
Na ce, "Su na dajin Rugu wa ya duba nasu hankalin?"
Tambayar nan ta ci min kwana tara a bayan kanta
da tunkiyar Shawai, wadda aka sayar aka fanso ni.

Bayan wata biyu, ana shirin rufe gida,
sai ga Kofur Haladu, shi da ya sa min ankwa,
ba kaki, ya naɗe kai da rawani.
Ya ce, "Baba, tsohuwata na ƙauye da ƙannena mata.
Tawa ta gwamnati ce, ana ƙirga harsashinta duk safiya."
Na ƙera masa. Da ya miƙo kuɗi na ce ya bari,
kunyar da ya shigo da ita ta biya.

Jiya 'yan sa-kai suka dawo daga bakin daji
da gawar yaro a kan amalanke,
gemu bai fito masa ba, takalmin roba a ƙafa ɗaya.
Sun ce yana cikin waɗanda suka ƙona rumbunan Unguwar Tofa.
Suka jefo min bindigarsa, suka ce in narkar.
Na ɗauka, na goge laka da bakin rigata.
A wuyanta tsaga uku.
Ban ma san ina yi musu ba, hannu ne ya saba.

Na kwana ina lissafin wa na ba.
Ko a kan gawa ya tsince ta, ko yunwa ta sa wani ya sayar,
ko cikin waɗanda mota ta kwashe ce ta samu hanya ta fito.
Ƙarfe ba ya faɗin inda ya kwana.

Yau Iro ya hura wuta tun da sassafe.
Bututun ya yi ja, in na daddage zai ba da lauje biyu.
A waje ina jin gyaran muryar Mati,
ya zo da surukinsa, da wani buhun taki a hammata.
Sun yi sallama sau biyu.
Ban ɗago kai ba tukuna.