Tsarabar Bakin Gaɓa

Kun tare ni a bakin gaɓar Yawuri kuna tambayar tsaraba,
Manu ya yar da koma, Ɗan'ige ya kashe injin jirginsa.
Jakata ba komai sai safa da maganin mura.
Tsarabar tana bakina,
ku ba ni turmi in zauna, ku miƙo mini ruwa.

Mu biyar muka tashi: ni da Kulu,
da Ishaya mutumin Zuru, aminina tun muna koyarwa a Koko,
da Rifkatu matarsa, da ƙanena Bawa
wanda ya ɗaure fasfo ɗinmu a ƙugu, ko barci ba ya kwancewa.
Rumasa'u ce ta gama karatu a Italiya,
ta ce, Baba, kafin in tattaro,
ku zo ku ga inda na shekara huɗu ina kewa.

Shekara talatin Ishaya na yi mana burga da duwatsun garinsu.
Ranar nan ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi,
bai ƙara cewa uffan ba.
Hanya na naɗe dutse kamar rawani,
kunnena ya toshe, Kulu ta runtse ido tana jan carbi,
ƙanƙara a can ƙoli kamar an shanya garin rogo
an manta ba a kwashe ba.
Sai dutsen ya buɗe baki ya haɗiye motarmu,
muka daɗe a cikinsa, ba rana, ba inuwa.

Da ya tofo mu, ga tafki.
Shuɗi, kamar marina ta ɓalle cikin dare.
Kana ƙirga tsakuwar ƙasansa daga tsaye.
Amma ba na ga mai wanki, ba saniya, ba yaro tsirara yana iyo.
Na tsoma hannu, sanyi ya harbe ni kamar kunama.
Bawa ya shinshina, ya sake shinshinawa,
ya ce, ruwan da ba ya ƙarnin kifi,
ku gaya mini, wa yake ciyarwa?

Washegari gonakin inabi,
kunya bisa kunya suna hawa tudu a sahu.
Mai gonar tsoho ne, kaushin hannunsa irin nawa.
Ba ya jin Hausa, ba na jin nasa.
Ya nuna mini ganyen da ƙanƙara ta farfasa,
na nuna masa a waya shinkafata a ƙarƙashin ambaliyar bara.
Ya girgiza kai, na girgiza.
Rumasa'u ta matso za ta fassara,
na ce bari, 'yar nan, mun gama gaisawa.

Ya kai mu ɗakin ƙasa mai ganguna.
Ishaya ya kurɓa, ya juya a baki, ya lumshe ido,
ya ce, burkutun gidanmu ya fi shi ƙarfi,
amma wannan ya yi makaranta.
Ni aka matso mini wanda bai kwana ba,
zaƙinsa har ƙeya.
Rifkatu ta kwance ƙullin yajin da ta ɓoye tun Abuja,
muka barbaɗa a taliyar mutane,
tsohon ya ɗanɗana, ya yi tari, hawaye na zuba,
ya kuma miƙo faranti yana neman ƙarawa.

Na ɗebo muku ruwan tafkin nan a gora,
wallahi na ɗebo.
A filin jirgi wata mai kaki ta karɓe,
ta jefa a kwandon shara ko kallona ba ta yi ba.

Ga namu nan dai, ja, mai laka, mai ƙarni.
Manu, tura jirgi, rana ta yi.
Kwana goma sha biyu albasata na tsibiri
tana jiran ban-ruwa.