Kwat Mai Lamba Ɗari da Sha Huɗu

Shekara ashirin da biyu ina tsaron riguna
a wani zauren rawa a Glasgow, kusa da kogi.
Ni ce Morag, mai tikiti da ƙugiya.
Kowa ya shigo da ruwan sama a kafaɗa
sai ya miƙo mini nauyinsa, in ba shi lamba.

Ban taɓa ganin dandalin sosai ba.
Da ƙafa nake jin kiɗa,
ta katakon da ke makyarkyata ƙarƙashin takalmina,
ta ƙugiyoyin bango masu kaɗa haƙora
duk sa'ad da babbar jita ta yi gurnani.

Yanzu 'yan jarida kan zo da littafi da biro:
Iya, wane dare ne ya fi?
So suke in ambaci manya.
Manya sun zo, sun ƙirga kuɗinsu, sun tafi.
Ni dare ɗaya ya maƙale mini.

Asabar ce, ƙanƙara ta narke ta zama caɓi.
Samari uku daga wurin ƙera jiragen ruwa,
tafin hannunsu duk kanta da baƙin mai,
sai Shona Baird, 'yar siririya mai wushirya.
Lasifikarsu ta aro ce,
gangar ma ba su gama biya ba.
Suna tsakiyar waƙa ta uku
wuta ta ɗauke.

Ɗif.
Duhu kamar cikin tulu.
Mutum ɗari bakwai, ba mai ganin hancinsa.
Na rungume akwatin kuɗi,
na ce yau kam sai an tattake wani.
Jita ta mutu a hannun mai ita.
Amma Ewan mai ganga bai samu labari ba,
ko ya samu ya ƙi.
Ganga ba ta shan lantarki.
Ya ci gaba da dukanta kamar mai bin bashi.

Sai muryar yarinyar nan ta fito tsirara,
ba ƙarfe a gabanta, ba waya,
ƙarama, tana rawa kamar harshen kyandir.
Layin gaba kaɗai ke jin ta.
Suka karɓa suka miƙa baya,
na baya suka miƙa baya,
kamar masu miƙon bokiti ranar gobara,
har baitin ya iso tagata, ɗumi-ɗumi,
daga bakin wani ɗan dako da bai san waƙar ba.

Wani ya ƙyasta ashana. Wani ma.
Kinnaird, manajanmu mai ƙwauron bala'i,
ya daina laluben fis,
ya tsaya da tocila a kashe yana buga ƙafa.
Ni ma na saki akwatin.
Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.

Minti goma sha ɗaya.
Ba kyamara, ba rikoda, ba shaida sai mu.
Da wuta ta dawo kowa ya sunkuyar da kai
kamar an kama shi yana kuka.

Ba su yi suna ba.
Ewan ya koma walda, kunnensa ya toshe.
Shona ta yi aikin jinya a Dundee, an ce.

Da na gama rabon riguna daren nan
ɗaya ta rage:
koriya, maɓalli ɗaya ya ɓalle,
tikitin bas da rabin alewa a aljihu.
Mai ita ya fita cikin wannan sanyi da 'yar shat
bai ji ba.
Bai dawo ba.

Zauren yanzu wurin ajiye motoci ne.
Kwat ɗin tana bayan ƙofata,
lambarta maƙale da fil mai tsatsa.
In ka san wani tsoho da yake ba da labarin
daren da ya taka har gida bai ji sanyi ba,
ka ce masa ya zo da tikitinsa.
Ba na ba da kaya sai da lamba.