Sawun Baya

Daren da na dawo hutu,
muna zaune a gindin rumbu,
na ba Baffa Jatau labarin Girkawan dauri:
wani jariri, ko cibiyarsa ba ta faɗi ba,
ya sace shanun wansa hamsin,
ya kora su da baya da baya
don sawu ya nuna inda ba su je ba.

Baffa, da ya shekara talatin
yana bin sawu tsakanin Gumel da Maigatari,
ya tofar da tuƙar goro.
"Kofato ya iya ƙarya,
kashin saniya bai iya ba.
Sa yatsa. Inda ya fi ɗumi, can suka nufa.
An kama shi?"

Na ce an kama.
Garayar da ya ƙera da ƙoƙon kunkuru,
ita ya bayar fansa.

"Ya sha da arha."
Ya daɗe yana kallon sabon agogona.
"Kuɗin littafin nan da ka aiko,
har na sayar da tunkiya..."

Bai ƙarasa ba.
Agogon ya ɗau ɗumi a hannuna.