Jan Karan Dafi

Tun da asuba na haye gadar Kwalkwalawa,
da ƙunshin karan dafi cikin jakata,
wanda na tsinto a bayan turmin Baba Labbo,
can shiyar Madunka, inda fatar akuya
ke shan ja har ta manta ta taɓa kiwo.

Shekara hamsin hannunsa na cikin kwatarniya.
Farcensa bai san fari ba.
Shi ya koya min kanwa ke buɗe bakin kara,
in babu ita, sai ya yi gum
kamar baƙon da ba a yi wa tayi ba.

Ni kuwa a Dundaye, cikin farar riga,
an ba ni sunaye dogaye kamar igiyar guga.
Na jawo, na jawo, ga abin da ya fito:

Akwai wani gwauro a cikin jini,
ɗan gidan iskar da muke shaƙa.
Ilaktaron ɗinsa guda ba shi da abokin zama,
don haka ba ya barci.
Ya fizgi na maƙwabci, maƙwabci ya zama ɓarawo,
shi ma ya fizgi na gaba,
har unguwa ta kwana babu mai ƙyaure.
Haka mai ke yin ɗoyi a kwalba,
haka ƙusa ke yin tsatsa a jikin ƙofa.

Sai launi ya fito da hannu a buɗe.
Zobe uku ne, sarƙe da juna,
da haidurojin a rataye a gefe
kamar guzuri a bakin zane.
Ya kwance ɗaya ya miƙa: ungo, je ka kwanta.
Shi fa, da ya rage masa giɓi?
Ba ya fita sata.
Giɓin yake zagayawa da shi, zobe zuwa zobe,
kamar gidan da tuwo ya kasa,
kowa ya rage loma,
ba wanda aka ji cikinsa daga waje.

Kuma wannan sarƙar da ke raba rashi
ita ce ke haɗiye wani sashe na haske
ta maido wa ido ja.
Kyauta da kyau, ashe, ɗaki guda suka kwana.

Na ɗiga ruwan karan cikin kwalbar gwaji.
Shunayya ce, cike da gwauraye.
Aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
na matsa bakin taga ina ƙirga minti.
Kafin talatin
ta koma ruwan ɗorawa, ta yi lamo.

Da yamma na same shi a kan buzu,
ƙafa ta kumbura, tari ya hana shi carbi.
Ya ce, Ke Tumba, mi kika gani ga wanga kara?
Na faɗa masa gwauro, na faɗa masa zobe.
Ya ce, Awo. To shina magani?

Na so in ce e.
Bakina har ya ɗauko ta.
Na ce, Baba, a kwalba na gani.
Jikin mutum ba kwalba ba ne,
akwai hanta, akwai hanji, akwai hanya mai nisa,
ban auna can ba tukuna.

Ya yi dariya har tarin ya karɓe ta.
Ya nuna tsohon tumtum a kusurwa,
aikin hannunsa na farko,
wanda rana ta lasa har jan ya koma ƙasa-ƙasa.
Ya ce, Shi ma ya bayas da nashi ke nan.

Daren nan na wanke farar rigar sau biyu.
A bakin hannun dama
akwai ɗigo guda da ya ƙi fita.
Na shanya ta haka nan.