Tabarau Mai Hawa Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da ita a ƙugu,
ta san tafin hannuna fiye da carbina.
A filin harbi na Ikeja, ina da sauran jini a jika,
nakan tara harsashi shida a rami guda,
ramin da kwabo zai rufe.
Har kurata suka laƙaba mini Sufeto Jatau Sha-yanzu.

Bara ne allon ya fara ja da baya.
Ban gusa ba, ba a gusar da shi ba,
sai baƙin ɗigon tsakiya ya narke
kamar sukari a shayin Obalende.
Na ce hayaƙin danfo ne. Na ce gumi ne.
Na ce ruwan Yuni ne ya jiƙa iska.
Babu wanda ban zarga ba a Legas
sai idona.

A Idi-Araba likita Morenike ta aza mini ƙarfe a karan hanci,
tana sauya gilasai: wannan ko wancan, Baba?
Ta sallame ni da tabarau mai hawa biyu,
sama na nesa, ƙasa na kusa,
gidan haya ɗaya, maƙwabta ba sa ga maciji.

In na ɗaga haɓa, tsinin saiti ya fito tar, allo ya ɓace.
In na sunkuya, ga allo, bindiga ta koma inuwa.
Ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare a katanga,
yara na haɗiye dariya a bayana.

Kofur Ebere, wadda ni na koya wa taɓa kunama,
ta matso, ta rage murya:
Oga, ba kai ka ce mana
ido ba ya bauta wa gida biyu ba?
Riƙe na kusa, bar na nesa da dishi-dishinsa.

Maganata ce, ta tsufa a bakina na manta ta.

Na ja numfashi, na saki rabi.
Huɗu a baƙi. Ɗaya a gefe.
Na shida ya tafi Oshodi cin kasuwa.

Na sa hannu a littafi, na miƙa ta ma'ajiya.
Saura wata bakwai in tuɓe kaki.

A bakin titi ruwa ya kece, gilashi ya rufe ruf.
Na cire, na goge da gefen riga, na mayar, ya sake rufewa.
Sai na sa shi aljihu na tsaya ina kasa kunne
har kwandasta ya kira Agege.