Ɗigon da Gara Ta Ci

Sun ce in je wurin Malam Ilu,
jikan magatakardan hakimi,
can bayan tsohuwar tashar jirgi a Ringim.
Wai akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa.
Na je da goro biyar da takardar haihuwata,
ban je da sunan da nake nema ba.

Wanda nake amsawa, kyautar hedimasta ce.
Ranar da aka kai babana aji ɗaya
ya ce, ɗan wa? Yaro ya kalli ƙasa.
Ya ce, daga ina? Wani ya ce Kyarama.
Shi ke nan, alƙalami ya yi mana uba da gari,
gari kuwa bai taɓa haifar kowa ba.

Littafin haraji, shekarar fara.
Takarda ta yi ja kamar gindin tukunya.
Malam Ilu ya lashi yatsa, yana bi:
Tanko Maƙeri, sule bakwai.
Tanko Dogo, sule bakwai, ya cika.
Tanko na Gwamma, ya tashi da dare.
Tanko, kawai, saura sisi.
Huɗu a unguwa guda!
Ya ce, yaro, duk namijin da ya biyo mata Tanko ne,
zaɓi wanda ka ga dama,
matattu ba su taɓa ƙaryata jika ba.

A takardar ƙidaya, akawu baƙo ne,
kunnensa bai saba da bakinmu ba.
Ya mai da Jatau Jato,
ya ba mai shekara talatin hamsin,
ya haɗa gida biyu ya yi musu ƙofa ɗaya.

Sai wani guntun shafi na ajami,
an naɗe shi cikin fatar akuya.
Tanko ɗan... nan gara ta yi kalaci.
Harafin farko yana nan kamar ƙoƙo,
ɗigonsa ne ta cinye.
Malam ya ɗaga shi ga hasken taga.
In ɗigon a ƙasa yake, Bawa ne.
In a sama yake, Nawa.
Muka daɗe muna kallon ramin nan,
bai fi ƙwayar gero ba.

Da la'asar na hau babur zuwa Kyarama.
Iya Tabawa na ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu.
Na durƙusa, na ce, Iya, faɗa mini sunansa.
Ta ja mayafi ta rufe baki.
Shekara arba'in da binne shi,
kunyar amarya ba ta sake ta ba.

Ta ce, mutumin nan?
Suna biyu gare shi,
ɗaya na masu littafi, ɗaya na gida,
kuma na littafin aro ne.
Ranar ƙirga a cikin dawa ya kwana,
wai abin da aka ƙirga, an kusa karɓe shi.
Daga gabas ya zo da hauya a kafaɗa,
zane uku a kunci.
Ba ya cin kuɓewa.
Shi ya haƙa rijiyar bakin tsamiya,
wadda kuke ce wa Rijiyar Baƙo.
Ta ce, ni fa, a shafi na nawa nake?
Na ce, Iya, ba su rubuta mata ba.
Ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

Na kai hannu zan tsince mata.
Ta kama wuyan hannun, ta riƙe,
ta juya shi, ta duba.
Ta ce, af, kai ma da hagu?

Fom ɗin ƙaramar hukuma na cikin aljihuna,
layin sunan kaka yana jira.
Na tsaya bakin tsamiya kafin magariba,
wata yarinya ta ara mini guga.
Igiya gaba ashirin.
Ruwan da ɗan gishiri-gishiri.
Na sha, na wanke fuska,
layin nan har yau ban cike shi ba.